Maganin da ke toshe bakin cuta: ina aka kwana game da zazzaɓin denge da ƴan uwansa?

Duk wanda ya yi safara tsakanin Lome da Yamai a ƙarshen daminar 2023, lokacin da iyakar Benin da ta Najeriya ke rufe har hanyar kaya ta koma ta Burkina Faso, ba zai manta da labarin da direbobin kamiyo da yaran mota suka riƙa kawowa daga Wagadugu da Bobo Julaso ba. Mutum ya kwanta lafiya ƙalau, ya tashi jiki ya yi zafi rau, kai na sarawa ta bayan idanu, gaɓoɓi kuwa kamar an daka shi a turmi. A je likita a soki yatsa a yi gwajin palu, a ce babu. Sunan wannan zazzaɓi denge. A wannan shekara kaɗai hukumomin kiwon lafiya na Burkina sun ƙidaya sama da mutum dubu 150 da ake zaton sun kamu, sama da 700 kuma suka riga mu gidan gaskiya.

Mu ma nan Nijar abin bai bar mu ba. A watan Agusta na 2022 cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ta tabbatar da denge karo na farko a ƙasarmu, a jikin wani matafiyi da ya dawo daga Kuba. Idan kuma ba a manta ba, a 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla wajen Cintabaradan da Tasara cikin jahar Tawa, dabbobi suka yi ta ɓari, mutum sama da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya. A 2020 cikungunya, mai ɗaure gaɓoɓi har mutum ya riƙa tafiya a duƙe, ta kwantar da sama da mutum dubu 30 a Abeshe da kewayenta cikin ƙasar Cadi. Ƴan uwa masu zuwa sari Guwanzu kuwa sun san cewa a 2025 ita wannan cikungunya ta kama dubban mutane a birnin Foshan, maƙwabcin Guwanzu ɗin.

Abu biyu ya haɗa cututtukan nan da kuma shawara, wadda ake yi mana allurarta a ba mu rawayar takarda kafin mu ƙetare iyaka. Na ɗaya, sauro ke yaɗa su. Na biyu, ƙwayar cutar da ke kawo su irin wadda ake kira birus ce, kuma har gobe babu wani magani a kantin farmasi da ke kashe ta cikin jiki. Palu dabam ce, ƙwayarta wata halitta ce mai girma nesa ba kusa ba a kan birus, shi ya sa Coartem ke korar palu amma ba ya yi wa denge komai. Shawara na da rigakafi mai kyau, allura ɗaya ta ishi mutum har tsawon rayuwarsa. Denge ma ta samu rigakafi, sai dai ba ya cikin jerin alluran da ake yi wa yaranmu. Wanda ya riga ya kamu kuwa, abin da likita ke iya yi masa shi ne saukar da zafin jiki, da ƙarin ruwa, da sa ido har jiki ya yi yaƙinsa.

To a nan ne zancen ya samo asali. A gidan rediyo, masu saurare kan turo mana saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa wai Turawa sun gano allurar da ke “kashe bakin” denge, wasu na tambaya ko ta iso Nijar, wasu na tambayar kuɗinta, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ma har ta ce in akwai ta a Dubai ta ba da sautu. Amsa a taƙaice ita ce ilimin gaskiya ne, an ma ba masu shi kyautar Nobel, amma maganin denge ko cikungunya ko shawara na wannan fanni bai fito ba a ko’ina a duniya. Dalilin rashin fitowarsa shi ne abin da muke so mu warware yau, domin duk ɗan kasuwa zai gane shi da wuri: matsala ce ta dako, da lokaci, da farashi.

Furen da ya koma fari

A 1990 wasu masana biyu a Kalifoniya ta Amurka, Richard Jorgensen da Carolyn Napoli, sun so su ƙara wa wani fure mai suna petuniya duhun launinsa na shunayya. Sai suka ƙara masa irin ƙwayar gadon da ke yin launin. Maimakon ya ƙara duhu, furen ya fito fari, wani kuma dabbare-dabbare. Ku ɗauka marini ne ya ƙara baba a karofi, ya tsoma zane, zanen ya fito fari fat. An yi shekaru ana ta mamakin abin.

A 1998 ne Andrew Fire da Craig Mello, su ma a Amurka, suka gano bakin zaren, suna aiki da wata ƴar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Shekara 8 kacal bayan haka, a 2006, aka ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci, abin da wasu masanan kan jira shekara 30 kafin su samu. A 2001 kuma Thomas Tuschl da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa dabarar na aiki a ƙwayoyin halittar ɗan Adam, muddin an yanka abin gajere.

Ga yadda lamarin yake. Jikin mutum tamkar babbar kasuwa ce mai rumfuna da ba su ƙirguwa, kowace ƙwayar halitta rumfa ce. A cikin kowace rumfa akwai babban kundi da ke kulle a ɗaki, shi ne ADN, wanda ke ɗauke da bayanin duk abin da rumfar za ta iya ƙerawa. Kundin ba ya fita. In ana son wani abu, sai a kwafi shafin da ake buƙata a ƴar takarda, a ba ma’aikata su ƙera. Wannan takardar oda ita ce ARN, wadda masu Turancin Ingila ke ce wa RNA. Da haruffa 4 kawai ake rubuta ta: A, U, G, C.

Shi birus ba shi da ma’aikata, ba shi da rumfa. Na denge takardar oda ce ta jabu mai haruffa wajen dubu 11, a naɗe cikin ɗan ƙunshi. Sauro ya cusa ta cikin fata, ta shiga rumfa, ma’aikata su karɓa ba su san ta jabu ba ce, su bar aikinsu su shiga ƙera sabbin birus, waɗanda za su fita su bi sauran rumfuna da irin wannan takarda.

Abin da su Fire da Mello suka gano shi ne ashe kowace rumfa tana da mai gadi da almakashi a hannu. In aka ba shi guntun takarda a matsayin samfur, duk takardar da ta zo wucewa mai rubutun da ya dace da samfurin, zai kama ta ya datse ta biyu. Ba ya yar da samfurin bayan ya yanka ɗaya, yana riƙe da shi yana ta yanka. Guntun da ake ba shi haruffa 21 ne ko kusa da haka, igiya biyu a tufke, shi ke warware su ya riƙe guda. Abin da ya faru da furen ke nan: takardun launi sun yi yawa har mai gadi ya ɗauke su na jabu, ya yanke duka, har da na asali.

Wani abu da ya kamata mu faɗa tun da wuri, saboda jita-jitar da aka sha lokacin alluran korona: wannan dabara ba ta taɓa kundin da ke kulle. Takardar oda kawai ake yankewa. Ba ta canza halittar mutum, ba ta bin ƴaƴansa, in aka daina ba da maganin aikinsa na gushewa.

Tsirrai da ƙwari da wannan mai gadi suke kare kansu daga birus tun fil azal. Ga ma amsar tambayar da aka sha yi mana, wai me ya sa sauron da ke ɗauke da cuta shi ba ya mutuwa? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mai gadinsa na rage yawan birus ɗin daidai yadda ba zai kashe shi ba, amma bai share shi duka ba, shi ya sa yake raye yana rarraba mana. Manoman gwanda a tsibirin Hawai kuwa tun 1998 suke shuka wani iri da aka yi wa wannan dabara, bayan wani birus ya kusa ƙarar musu da gonaki.

Yadda ake yanka samfurin

Tun da an san haruffan denge daga farko har ƙarshe, sai mutum ya yi tsammanin a ɗauki kowane 21 a ba mai gadi, magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne gwanintar take.

Denge iri 4 ce, ƴan gida ɗaya amma rubutunsu ya sha bamban da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya warke daga iri ɗaya ya tsira daga wannan irin, amma in wani irin ya kama shi daga baya, haɗarin ciwo mai tsanani ya fi na farko. Saboda haka maganin da ke aiki a kan iri ɗaya kawai bai biya buƙata ba, domin likitan ƙauye ba shi da na’urar da zai bambanta su. Sannan birus ɗin mai gaggawar kwafe ne, ba ya duba abin da ya rubuta, kusan duk kwafi sai an samu harafin da ya kauce. An gani a ɗakin gwaji da birus ɗin shan inna da na sida cewa canjin harafi ɗaya tak a tsakiyar wurin da aka nufa ya isa mai gadi ya kasa gane takardar, cuta ta sulale ta ci gaba da yaɗuwa.

Don haka masana kan jera rubutun ɗaruruwan birus da aka samo daga ƙasashe dabam-dabam cikin kwamfuta, su nemi layin da bai canza ba a cikinsu duka. Layin da ba ya canzawa, alama ce birus ɗin ba zai rayu ba in ya canza shi. A denge akwai irin wannan wuri kusa da farkon takardar: dole ne kan takardar ya manne da wutsiyarta ta zama zobe kafin a iya kwafarta, kuma haruffan manniyar kusan iri ɗaya ne a duk iri 4. A 2011 wasu masana a Amurka suka yanka samfur a daidai wannan wuri, ya rage yaɗuwar iri 4 ɗin duka a kwanon gwaji, ɓerayen da aka ba shi kuma suka fi waɗanda ba a ba su ba daɗewa a raye. Tun kafin nan, a 2006, wasu a Boston sun nuna samfur ɗaya ya kare ɓeraye daga birus biyu masu kumbura ƙwaƙwalwa, na Nil ta Yamma da na Japan, waɗanda su ma sauro ke yaɗawa.

Bayan an samu layin, sai a juya a duba ɓangaren mutum. Muna da ƙwayoyin gado wajen dubu 20 masu aika takardunsu, in samfurin ya yi kama da ɗaya daga ciki, mai gadi zai afka wa takardar gida. Haruffa 7 ma in suka dace suna iya sa a danne saƙon da bai ji ba bai gani ba. Akwai kuma wasu jerin haruffa da ke tayar da hankalin sojojin jiki, su kawo zazzaɓi da kumburi, kun ga an je neman ƙiba an samo rama. Duk waɗannan sai an tace su. A ƙarshe kuma masu hankali ba su dogara ga samfur ɗaya, sukan haɗa biyu ko uku masu nufin wurare dabam-dabam, kamar dai yadda ake haɗa magani uku ga mai sida, don in birus ya kuɓuce wa ɗaya ya faɗa hannun ɗaya.

Wannan aiki na kwamfuta ya yi sauƙi yanzu, ɗalibin jami’a mai na’ura da intanet zai iya yin sa cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa rubuce-rubuce suka yi yawa masu cewa an tsara maganin denge, an tsara na zika, an tsara na cikungunya, kuma daga irinsu ne saƙonnin WhatsApp ke tsirowa. A ganinmu wannan bai wuce zanen riga a takarda ba. Tela bai ko sayi yadi ba, ballantana a yi maganar wanda zai sa ta ranar salla. Daga kwamfuta sai kwanon gwaji, sai ɓera, sau da yawa sai biri, sa’annan mutane mataki uku, kuma galibin magungunan da suka kama wannan hanya a tsakiya suke zubewa.

Kaya sun haɗu, saura dako

Duk wadda ta taɓa saro tumatir daga Dogarawa ko albasa daga Galmi ta san saye ba shi ne wuya ba, isar da kayan kasuwa lafiya shi ne aiki. Haka wannan magani yake. In aka zuba shi cikin jini tsirara, akwai sinadaran da aikinsu ke nan su daddatsa duk ARN da suka tarar yana yawo, abin da ya tsira kuma ƙoda ta tace shi ya fita cikin fitsari. Cikin mintoci an yi asarar uwar kuɗi. Wanda ya kai bakin rumfa ma ba ya iya ratsa bango da kansa. In kuma rumfar ta haɗiye shi, yakan maƙale cikin wata ƴar jaka, kamar kayan da suka iso amma suna kwance a magazan duwan ba a fitar da su ba. Wani awo da aka yi a 2013 ya nuna kashi 1 ko 2 cikin 100 ne kawai ke fita daga jakar su kai hannun mai gadi.

An kwashe kusan shekara 20 ana fama da wannan, kamfanoni manya sun zuba kuɗi sun janye. Daga baya aka samu mafita biyu. Ta farko, a naɗe maganin cikin ɗigon kitse ƙanana ƙwarai, irin wanda aka zo aka yi amfani da shi a wasu alluran korona. Ta biyu, a canza wa haruffan ƙira kaɗan don kada a daddatsa su, a kuma maƙala musu wani irin sukari da hanta ke so, ita da kanta ta jawo su ciki. Da dabarar farko aka yi patisiran, magani na farko na wannan fanni, wanda Amurka ta ba izini a watan Agusta na 2018 don wata cutar gado mai lalata jijiyoyi. Da ta biyu aka yi inclisiran mai rage kitsen jini, wanda Turai ta amince da shi a 2020, allura biyu a shekara bayan na farko. Wato dai ilimin ya tashi daga tatsuniya, akwai mutanen da ke raye da shi yau.

To amma fa ku lura, duk magungunan nan da aka ba izini a Amurka da Turai daga 2018 zuwa 2025, hanta suke nufa. Hanya ɗaya ce aka yi wa kwalta. Ita kuwa denge mafi yawan ɓarnarta a cikin ƙwayoyin sojojin jiki take, a fata, da cikin jini, da saifa, da kaluluwa. Cikungunya gaɓoɓi da tsoka take bi. Zika da birus ɗin Nil ta Yamma ƙwaƙwalwa suke hari, ita kuma ƙwaƙwalwa shinge gare ta da ba kowane magani ke ƙetare shi ba. A 2007 masanan Boston ɗin nan sun yi wata dabara mai ban mamaki, suka ɗauko ɗan guntu daga rigar birus ɗin haukan kare, wanda ya san hanyar ƙwaƙwalwa, suka ɗaura masa maganin ya shigar da shi, ɓeraye da yawa suka tsira. A ɓera ke nan. Bugu da ƙari, denge in ta shiga rumfa ba a fili take kwafar takardunta ba, takan lotsa bangon ciki ta yi ƴan lunguna ta ɓuya, inda almakashin mai gadi ba ya kaiwa da sauƙi.

In akwai inda muke ganin ƙofa a buɗe, to wajen shawara ne da zazzaɓin kwarin Rift, domin su biyun hanta suke ci, wato inda kwaltar ta riga ta kai. Sai dai cututtukan talakawan Afirka ne da makiyaya, masu zuba jari kuwa inda riba take suke dubawa.

Sai maganar lokaci, wadda a wurinmu ta fi kowace nauyi. Birus ɗin denge kwana 4 ko 5 yake yi da yawa cikin jini. Ciwo mai tsanani, wato yoyon jijiyoyi da zubar jini, yakan zo ne daidai lokacin da zazzaɓi ya fara sauka, birus ya fara ja da baya, jiki ne da kansa ya wuce gona da iri wajen yaƙi. A gwajin ɓera ana ba da magani ne kafin a sa cuta ko jim kaɗan bayan an sa. Mu kuwa mun san halinmu: rana ta farko a ce gajiya ce, ta biyu a sayi ƙwaya wajen mai talla, ta uku a dafa ganye, sai ta huɗu ko ta biyar in abu ya ƙi a nemi ɗan kabu-kabu a tafi likita. Wa zai rufe rumfa ranar kasuwa saboda ciwon kai? Maganin da ke son a ba shi cikin kwana biyun farko, sai an samu gwaji mai araha a kowace likita da kuma mutanen da ke zuwa da wuri, in ba haka ba ko kyauta aka kawo shi ya makara.

Abin da ya faru a Saliyo ya ishe mu darasi, duk da cewa Ebola ba sauro ke kawo ta ba. Wani kamfanin Kanada mai suna Tekmira ya yi irin wannan magani don Ebola, ya kare birai a ɗakin gwaji, duniya ta sa rai. A 2015 aka gwada shi a Port Loko a kan majinyata 14 da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, 11 suka rasu, aka tsayar da gwajin domin babu alamar ya ƙara yawan masu tsira. Samfurin ya dace da birus ɗin, amma ya tarar da gobara ta riga ta kama ko’ina.

Nawa ne?

Lokacin da patisiran ya fito, kuɗinsa a Amurka dala dubu 450 ne a shekara ga mutum ɗaya. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In aka juya, kusan miliyan 250 ke nan na sefa. Inclisiran ya fi sauƙi, amma shi ma lokacin da ya fito allura ɗaya ta kai dala 3.250 a can, kusa da miliyan 2 na sefa. Gaskiya ne yawancin wannan kuɗi na bincike ne da riba, haɗa maganin kansa bai kai haka ba, kuma mun ga yadda maganin sida ya faɗo daga farashin da ba mai iya saye har ya zama ana ba da shi kyauta a likitocinmu. Amma wannan sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja, kuma shi maganin sida ya riga ya wanzu lokacin da aka fara rigimar kuɗinsa. Na denge bai wanzu ba tukuna. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba ko allura a kasuwa, ko ya turo hoto ta waya, ya ce sabon maganin denge ne na ARN daga Dubai ko Indiya ko Sin, ko jikka nawa ya yanka, kuɗinku yake so.

Akwai masu ganin cewa maimakon a yi wa miliyoyin mutane magani, gara a yi wa sauron. A 2006 masana a jami’ar jahar Kolorado sun ƙirƙiro sauron da cikinsa ke yin samfurin denge iri na 2 da kansa, birus ya kasa girma a jikinsa, sai dai bayan wasu zuriyoyi kariyar ta ɓace. A 2019 wasu a San Diyego suka yi makamancin haka da zika. Duk a ɗakin gwaji suke. Sakin sauron da aka taɓa wa halitta kuwa magana ce da sai hukuma da jama’a sun yarda, kuma mun ga a watan Agusta na 2025 gwamnatin Burkina ta dakatar da shirin Target Malaria, wanda ke aiki da wata dabara dabam a kan sauron palu.

Kafin nan

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a 2024 an ba da rahoton sama da mutum miliyan 14 da suka kamu da denge, adadin da ba a taɓa gani ba. Tun da babu magani, abin da ke hannunmu shi ne kada mu ƙara wa ciwon ƙarfi. In zazzaɓi ya kama, gwajin palu ya ce babu, musamman ga wanda ya dawo daga tafiya, to a faɗa wa likita inda aka fito. Parasetamol kaɗai za a sha don zafin jiki. Aspirin, da ibuprofen, da diklofenak, waɗannan da masu tallar magani ke haɗa wa mutum in ya ce gaɓoɓinsa na ciwo, suna tsinka jini ko su ci ciki, ga mai denge kuwa suna iya jawo zubar jinin da zai tafi da shi. A sha ruwa da yawa, da kunu, da ruwan gishiri da sukari. Ranar da zazzaɓi ya sauka ita ce ranar sa ido: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo ko jini a dasashi, baƙin kashi, ko yaro ya yi laushi hannuwansa su yi sanyi, duk wanda aka gani a ciki a ɗauki mutum a tafi likita ko tsakar dare ne. Mahauta da masu nono kuma su tuna cewa zazzaɓin kwarin Rift ya fi kama mutum ta jinin dabba marar lafiya, da taɓa ɓarin da ta yi, da shan ɗanyen nonon da ba a tafasa ba.

Sauron denge da cikungunya da shawara ba shi ne na palu ba. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma la’asar sakaliya, wato daidai lokacin da muke zaune a rumfa ƙafafu a ƙarƙashin tebur. Sange na nan da amfaninsa don palu da kuma mai barcin rana, amma ba ya bin mutum kasuwa. Kuma wannan sauro ya fi son ruwa mai tsabta da ke zaune kusa da mutane: randar da ke bayan rumfa, durom ɗin mai abinci, garwa, gwangwanin tumatir da aka yar, kwanon ruwan kaji, da tsofaffin tayoyin da ke jibge a tasha da wajen masu faci. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, shi ya sa ake cewa a juye ruwan sau ɗaya a mako, a rufe abin da ba a iya juyewa. Ita macen ba a kan ruwa take saka ƙwai ba, a jikin bangon randa take manna shi, sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya, kuma yana iya yin watanni a bushe ya ƙyanƙyashe ranar da ruwa ya sake taɓa shi. Zubar da ruwan kawai bai fitar da shi ba, sai an sa soso an dirje cikin randar kafin a sake cikawa.